Jaririyar da sanyi ya kama ba ta yi karkarwa ba

An ciro ta da tiyata da misalin ƙarfe 2 na dare, cikin yana da mako 35 da kwana ɗaya. Mahaifiyarta ta kwana goma a kwance da hawan jinin masu ciki, tana shan maganin hawan jini mai suna labetalol, amma jinin ya ƙi sauka. A daren ciwon kai ya tsananta, ta fara gani dishi-dishi, likitocin mata suka ga in aka ƙara jira jijjiga na iya kama ta. Aka yi mata allurar kashe zafi ta gadon baya, aka shiga da ita. Ko naƙudar minti ɗaya ba ta yi ba. Yarinyar ta fito da kilo 2.1, ta tsala kuka nan take, launin jikinta ya yi kyau, kowa a ɗakin ya sauke ajiyar zuciya. Aka goge ta, aka nuna wa uwar, aka ɗora ta a sikeli, aka naɗe ta da zane guda, aka kwantar da ita a gefe ana jiran a gama ɗinki.

Bayan minti 40 nas ɗin ɗakin jarirai ta aiko a kira ni. "Likita, zo ka duba yarinyar nan. Ƙafafunta kamar ƙanƙara, kuma nishi take yi."

Ma'aunin zafi a hammatarta ya nuna digiri 35.3. Numfashi 72 a minti, alhali na jariri lafiyayye tsakanin 40 da 60 yake, da ɗan nishi a ƙarshen kowane ɗaya. Oksijin a jininta kashi 88 cikin ɗari. Sukarin jini 2.0 a ma'aunin milimol, ƙasa da 2.6 da yawancin ɗakunan jarirai ba sa yarda a sauka ƙarƙashinsa. Na sa mata yatsa a baki, tsotson ba ƙarfi. Tana kwance laƙwas, ba ta karkarwa ko kaɗan.

Rashin karkarwar nan shi yake yaudarar mutane, har da ma'aikata. Babba in sanyi ya kama shi jikinsa zai ɗauki rawa, haƙora na haɗuwa, kowa ya gani ya miƙo masa bargo. Sabon jariri da kyar yake iya hakan. Sanyi zai shige shi sosai yana kwance shiru, mai kallo ya ɗauka barci yake. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 1997 kan kare ɗumin jarirai, ta ce zafin jikin jariri ya zauna tsakanin digiri 36.5 da 37.5. Daga 36.0 zuwa 36.4 sanyi ya fara taɓa shi, daga 32.0 zuwa 35.9 ya kai matsakaici, ƙasa da 32 kuwa ya yi tsanani. Yarinyarmu tana aji na tsakiya tun ba ta cika awa ɗaya a duniya ba.

Yadda ta kai nan ba abin mamaki ba ne. A ciki tana zaune cikin ruwa mai ɗumi, zafin jikinta ma ya ɗara na uwa da kusan rabin digiri. Ta fito a jiƙe zuwa ɗakin da na'urar sanyaya iska ta riƙe a digiri 21 saboda masu aikin da ke cikin riguna masu kauri. Kowane mililita ɗaya na ruwa da ya bushe a fatarta ya tafi da kusan kalori 580 na zafi. Ƙarfen sikeli ya zuƙi nasa, iskar na'ura ta kwashi nata, bangon ɗaki mai sanyi ma yana ja daga nesa. Faɗin fatar jariri, in aka kwatanta da nauyinsa, ya ninka na babba sau biyu zuwa uku, kai kaɗai ya ɗauki kusan kashi ɗaya cikin biyar, kuma ba wanda ya sa mata hula. Jariri a irin wannan hali yana iya rasa digiri 2 zuwa 4 cikin minti 10 zuwa 20. Ga kuma allurar gadon baya, wadda takan sauke zafin jikin uwar kanta.

Inda zafin yake fitowa

Abin da jariri yake da shi a madadin karkarwa wani irin kitse ne mai launin ruwan ƙasa. Zan riƙa kiransa kitsen ɗumi. Yana kwance a tsakanin allunan kafaɗa, a gefen wuya, a hammata, a kewayen manyan jijiyoyin jini na ƙirji, da kewayen ƙoda. A jaririn da ya cika watanninsa yakan kai kusan kashi 5 cikin ɗari na nauyin jiki, kuma mafi yawansa a watanni ukun ƙarshe na ciki yake taruwa. Conrad Gessner, masanin halittu na Zurik, ya bayyana shi tun 1551 a jikin wata dabbar tsaunukan Turai mai barcin hunturu, amma sai a 1961 Robert Smith ya nuna cewa aikinsa samar da zafi ne. A shekarun da suka biyo David Hull da abokan aikinsa a Ingila suka nuna hakan a jariran zomo, suka kuma bi wuraren da yake a jikin jaririn ɗan Adam.

Farin kitse rumbu ne, kowane tantaninsa, wato kowace 'yar ƙwayar halittar da aka gina shi da ita, ɗigon mai ne babba guda ɗaya. Kitsen ɗumi kuwa murhu ne. Tantaninsa cike yake da ƙananan ɗigon mai da tarin maitokondiriya, waɗannan 'yan injinan da ke ƙona abinci a cikin tantani. Sinadarin ƙarfen da ke cikinsu, da yawan jijiyoyin jinin da suka ratsa wurin, su suka ba shi launinsa. A sauran jiki, maitokondiriya suna ƙona mai ne gwargwadon aikin da ake nema, ƙonawa da aiki a ɗaure suke da juna. A kitsen ɗumi akwai wani furotin da ake kira UCP1, wanda David Nicholls a birnin Dandi na Sikotlan da Daniel Ricquier a Faransa suka gano a tsakiyar shekarun 1970 zuwa ƙarshensu. Shi yake kwance wannan ɗaurin. Kamar direba ne ya sa mota a furi ya danne totur: fetur na tafiya, inji na ɗaukar zafi, taya ba ta motsa ba. A mota asara ce, a jikin jariri zafin shi ne abin nema. Jinin da ya ratsa kitsen yana fitowa da ɗumi, ya nufi zuciya da ƙwaƙwalwa. A 1997 da aka samar da ɓerayen da aka cire musu wannan furotin, an ga ba sa iya riƙe zafin jikinsu in an sa su cikin sanyi farat ɗaya.

Murhu irin wannan ba a barinsa yana ci kullum, domin mai yake cinyewa. Kunna shi da kashe shi a hannun homon yake, wato sinadaran da jiki ke aika saƙo da su. A nan ne lamarin yarinyar ya fi jan hankalina, don umarnin ba daga wuri ɗaya yake zuwa ba. Hannaye huɗu ne, kowanne da lokacinsa.

Na farko kotisol, daga 'yan ƙullutan adirinal da ke saman ƙoda. A makonnin ƙarshe na ciki kotisol ɗin ɗan tayi yana hawa, ya ƙara hawa sosai lokacin naƙuda. An fi sanin sa da nunar da huhu, amma aikinsa ya wuce nan. Yana sa hanta ta tara sukari, yana sa jiki ya fara juya homon na tayirod, halittar gaban wuya, zuwa mai ƙarfinsa, kuma binciken da aka yi a kan 'ya'yan tumaki, musamman na Michael Symonds a Nottingham, ya nuna yana ƙara yawan UCP1 a kitsen kafin haihuwa. Shi ne mai jera itace a murhu tun ba a zo da ashana ba.

Na biyu birki ne, kuma daga mabiyiya yake fitowa. Ɗan tayi ba ya bukatar ƙona mai don ɗumi, matsalarsa ma ita ce yadda zai fitar da zafin da ya yi masa yawa, kuma mafi yawansa ta mabiyiya yake fita. Tania Gunn da Peter Gluckman a Okland ta Niyu Zilan sun yi wani gwaji a shekarun 1980 da 1990 da har yanzu yake burge ni. Sun naɗa wa ɗan tunkiya bututun ruwan sanyi yana cikin mahaifa, suka sanyaya shi. Kitsen bai ce uffan ba. Suka hura masa oksijin a huhu, ya ɗan motsa. Sai da suka matse igiyar cibiya sannan wutar ta kama sosai, da suka saki igiyar kuma ta lafa. Ashe mabiyiya tana zuba wa ɗan tayi sinadaran da ke danne kitsen, manyansu adinosin da furostagilandin E2. Tana kuma ɗauke da wani sinadarin narkarwa mai suna D3 wanda yake lalata homon na tayirod kafin ya yi tasiri. Rabuwa da mabiyiya ita ce sakin birki. Kada wani ya ɗauki wannan a matsayin hujjar gaggauta yanke cibiya. Jinkirin minti 1 zuwa 3 da Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shawara yana ƙara wa jariri jini da sinadarin ƙarfe, kuma ana iya goge shi a rufe shi cibiyar tana haɗe.

Na uku shi ne ashanar, noradiranalin. Sanyi ya taɓa fata, jijiyoyin fata su kai rahoto wani sashe na ƙasan ƙwaƙwalwa da ake kira haifotalamus, inda ma'aunin zafin jiki yake. Daga nan umarni ya gangaro ta laka, ya bi jijiyoyin da suke shiga har cikin kitsen, bakin kowace jijiya ya saki noradiranalin a kan tantani. A fatar tantanin akwai ƙofofi na musamman da ake kira beta. Da ya ƙwanƙwasa su, saƙo ya shiga ciki, a farfasa ɗigon mai. Man da aka farfasa yana aiki biyu a lokaci ɗaya: shi ne makamashin, shi ne kuma makullin da ke buɗe UCP1. Duk wannan cikin mintuna. Jaririn da ya sha matsar naƙuda yana fitowa da noradiranalin da adiranalin masu yawan gaske a jininsa, wasu daga adirinal, wasu daga wani tarin tantani da ke gefen babbar jijiyar jini ta ciki, wanda yake da girma a ɗan tayi sannan ya shanye a ƙuruciya. Wahalar naƙuda kenan tana da nata amfanin ga wanda ake haifa: tana taimaka wa huhu ya shanye ruwan da ke cikinsa, ta sa hanta ta saki sukari, ta kuma tayar da kitsen.

Na huɗu tayirod, halittar nan ta gaban wuya wadda kumburinta ake kira maƙoƙo. Minti 30 da haihuwa, homon ɗin TSH da ƙwaƙwalwa ke aika wa tayirod yana tashi ya kai wajen 60 zuwa 80, adadin da in aka gan shi a jinin babba sai a ce tayirod ɗinsa ya mutu. Sanyin da jariri ya fito cikinsa yana daga abubuwan da ke tayar da shi. Tayirod ya amsa da nasa homon, T4, mai ƙwayar aidin huɗu, wanda yake kaiwa ƙololuwa cikin awa 24 zuwa 36. Sai dai T4 bai cika ƙarfi ba, sai an cire masa aidin ɗaya ya zama T3. Abin sha'awar shi ne kitsen ɗumi ba ya jiran a kawo masa T3 daga waje, yana da nasa ma'aikacin a gida mai suna D2 da ke yin wannan cirewar. A 1983 Enrique Silva da Reed Larsen a Boston suka nuna a jikin ɓeraye cewa noradiranalin ne yake tayar da D2 ɗin. T3 da aka samar a wurin ya shiga cibiyar tantani ya sa a ƙera ƙarin UCP1, ya kuma sa tantanin ya fi jin kiran noradiranalin. Kowanne yana ƙarfafa ɗan'uwansa. A 2001 an nuna cewa ɓerayen da ba su da D2, duk da T3 na jininsu daidai yake, zafin jikinsu yana faɗuwa in an sa su a sanyi, sai karkarwa ce take ceton su. Jariri kuwa ba shi da wannan mafitar.

Akwai wasu ƙananan hannaye. A 2010 masu bincike a Basalona sun nuna a jariran ɓera cewa man da ke cikin nonon farko yana sa hanta ta saki wani homon mai suna FGF21, shi kuma ya ƙara tayar da kitsen. Tsotson farko kenan ba cika ciki kaɗai yake yi ba.

Komawa kan yarinyar

Da na jera waɗannan a raina a gaban gadonta, sai na ga ta sami naƙasu a kusan kowane mataki. Makonni biyar na ƙarshe, lokacin da ake tara kitsen da sukarin hanta, sun wuce ta. Hawan jinin uwa yakan rage jinin da ke isa mabiyiya, shi ya sa ta fito ba jiki. Kotisol bai gama hawa ba aka ciro ta. Naƙuda ba ta matse ta ba, don haka ba ta sami wannan ambaliyar noradiranalin ba. Tashin TSH da T4 a bakwaini yakan yi ƙasa da na cikakken jariri. Birkin mabiyiya kaɗai ne aka sakar mata kamar kowa.

Sai kuma labetalol. Maganin ya yi aikinsa, ya taimaka wajen riƙe uwar kwana goma, kuma kowane kwana a ciki riba ne ga yarinyar, ba na ganin laifin wanda ya rubuta shi. Amma aikinsa toshe ƙofofin da noradiranalin ke ƙwanƙwasawa ne, kuma yana ratsa mabiyiya. An san jariran uwayen da ke shan wannan dangin magani sun fi fuskantar faɗuwar sukari da jinkirin bugun zuciya. Akwai wata shaida daga wani fanni dabam. Masu ɗaukar hoton PET don neman cutar daji sun daɗe suna ganin wasu wurare na haskawa a wuya da saman kafaɗar manya, suna rikita musu hoto. Kitsen ɗumi ne, kamar yadda bincike uku daga Mastirik ta Holan da Turku ta Finlan da Boston ta Amurka suka tabbatar a 2009. Ɗaya daga dabarun da suke yi don ya yi shiru shi ne ba wa mutum furofuranolol, ɗan'uwan labetalol, kafin hoton. A ganina, ɗan murhun da yarinyar take da shi ma an rage masa jin kira.

Duk da haka yana ci, kuma cin nasa ne ya jawo sauran alamun. Wannan ne abin da na fi son ƙananan ma'aikata su riƙe. Kitsen ɗumi yana shan oksijin da sukari kamar ba gobe. Jaririn da ke yaƙi da sanyi yana iya ninka oksijin da yake sha. Yarinyar da huhunta bai gama shanye ruwansa ba, saboda tiyata ba naƙuda, aka ɗora mata wannan nauyin, dole numfashi ya yi sauri. Sanyi yana kuma matse jijiyoyin jinin huhu, oksijin ya ƙara raguwa. In oksijin ya yi ƙasa, kitsen da kansa yakan rage wuta, zafin jiki ya ƙara faɗuwa, jini ya fara tsami. Sukarin hantar da dama kaɗan ne ya ƙare. Kowace matsala tana jawo 'yar'uwarta. Nishin da nas ta ji, da 2.0 da na'urar sukari ta nuna, da 35.3 na hammata, duk reshe ne na bishiya ɗaya.

Girman haɗarin sananne ne tun da daɗewa. A 1958 William Silverman a Niyu Yok ya raba bakwaini gida biyu, wasu a kwalba mai digiri kusan 32, wasu a mai kusan 29, waɗanda ke cikin ɗumi suka fi rayuwa, musamman mafi ƙanƙanta. A 2007 wani bincike a Amurka a kan jarirai sama da 5,000 masu nauyin ƙasa da kilo 1.5 ya gano cewa duk digiri ɗaya da zafin jiki ya ragu a lokacin shiga ɗakin jarirai yana tafe da ƙarin haɗarin mutuwa na kashi 28 cikin ɗari. Yarinyarmu ta fi waɗannan girma, amma hanyar da abin yake bi ɗaya ce.

Abin da muka yi

Babu allurar da ake yi wa jariri don kitsen ya ƙara wuta, kuma ko da akwai ba ita ake bukata ba. Abin nema shi ne a ɗauke masa aikin, a kawo ɗumi daga waje har jikin ya daina kiran noradiranalin, oksijin da sukari su koma wa ƙwaƙwalwa da huhu. Muka cire zanen da ya ɗan jiƙe, muka kwantar da ita ƙarƙashin fitilar ɗumama jarirai a kan shimfiɗar da aka riga aka ɗumama, muka sa mata hula da safa. Aka maƙala mata ma'aunin zafi a fatar ciki, aka saita na'urar a 36.5. Muka ba ta oksijin ta hanci, muna neman ya zauna tsakanin kashi 90 da 95. Tunda tana da alamu kuma ba ta iya tsotso, aka sa mata ruwan sukari mai kashi 10 cikin ɗari ta jijiya, mililita 2 ga kowane kilo a karon farko, sannan ƙarin ruwa ya ci gaba a hankali. Muka ɗebi jini don neman ƙwayar cuta muka fara maganin kashe ƙwayoyin cuta, domin a jariri sanyin jiki yana iya zama alamar cuta ta shiga jini, kamar yadda zazzaɓi yake ga babba. Duk yadda bayanin homon ya gamsar da ni, bai isa ya sa in yi caca da wannan ba.

Wata ɗaliba ta kawo shawarar a sa robar ruwan zafi a gefenta don a yi sauri. Nas ta riga ni amsawa: "A'a, fatarta ba za ta ɗauka ba, ƙonewa za ta yi ba ta ko motsa ba." Gaskiyarta. Zafin da ya haura 37.5 shi ma cutarwa ne, don haka muka riƙa aunawa duk bayan minti 30.

Bayan rabin awa sukari ya hau 3.4. Bayan awa ɗaya zafi 35.9, bayan biyu 36.5. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne yadda numfashin ya bi sahun zafin, ya sauko daga 72 zuwa 64 zuwa 56, nishin ya ɗauke ba tare da mun ƙara komai ba. Da hantsi aka cire oksijin. Da uwar ta iya zama, aka gungura ta zuwa wurinmu, aka kwantar mata da yarinyar a ƙirji fata da fata, aka rufe su tare. Ta ce, "Likita, ba za ta ƙara yin sanyi ba in an fitar da ita daga fitilar?" Na ce mata ƙirjinta ya fi fitilar sanin aikin, mu dai za mu ci gaba da aunawa. Aka tatsi dakashi aka ɗiga mata a baki.

Wannan ɗaukar ta ƙirji, wadda ake kira renon kangaru, Edgar Rey ne ya fara ta a Bogota ta Kolombiya a 1978 saboda ƙarancin kwalabe. A 2021 wani gwaji a Ghana da Indiya da Malawi da Najeriya da Tanzaniya, a kan jarirai masu nauyin kilo 1.0 zuwa ƙasa da 1.8, ya nuna cewa fara ta nan da nan bayan haihuwa ya rage mutuwa a kwana 28 na farko da kusan kashi 25 cikin ɗari, a shekarar da ta biyo kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da hakan shawararta.

Kwanakin da suka biyo

Bayan awa 48 gwajin jini bai nuna ƙwayar cuta ba, aka tsayar da maganin. A kwana na uku ciwon shawara ya bayyana, yarinyar ta kwana biyu ƙarƙashin shuɗiyar fitila. Shawara ba baƙuwa ba ce ga bakwaini, amma na sa ido sosai, saboda man da kitse ke saki cikin jini lokacin sanyi yana gogayya da sinadarin shawara wajen hawa furotin ɗin da ke ɗaukar su duka, wanda bai sami wurin hawa ba kuma shi ne yake iya isa ƙwaƙwalwa.

A ranar ne kuma aka soki dugaduganta don gwajin tayirod. Ɗalibar ta tambaya me ya sa ba a yi tun daren farko ba, tunda sanyin jiki yana cikin alamun rashin aikin tayirod na haihuwa, cutar da ke samun kusan jariri ɗaya cikin 2,000 zuwa 4,000. Tambaya ce mai kyau, amsarta kuma tana cikin abin da ya gabata: a ranar farko TSH na kowane jariri a sama yake, in aka auna sai lafiyayyu su fito kamar marasa lafiya. Shi ya sa ake jiran awa 48 zuwa 72. A bakwaini kuma akwai akasin haka, tashin TSH yana iya makara ko da tayirod ɗin ba ya aiki, don haka ake maimaita gwajin bayan mako biyu. Nata na farko ya fito daidai.

Da muka zauna duba lamarin, ba mu sami mutum ɗaya da za a nuna da yatsa ba, kuma ban ga amfanin neman sa ba. Hankalin kowa yana kan uwar da ke bakin jijjiga, yarinyar ta yi kuka mai kyau, sai aka ɗauke ta a matsayin wadda ta tsira. Ni kaina na san uwar tana shan labetalol, na san cikin bai cika ba, kuma ban ce a auna zafi da sukari da wuri ba. Muka amince cewa za a riƙa kashe na'urar sanyi kafin a ciro jariri, a nemi ɗakin ya kai digiri 25, likitocin tiyata suka yarda su jure gumin na 'yan mintuna. Za a riƙa ɗumama tawul biyu, a goge da ɗaya a jefar da shi gefe, a naɗe da busasshen. Hula ta shiga cikin kayan karɓar haihuwa. Sikeli ya jira, in an zo aunawa a shimfiɗa masa zane. Wanka sai bayan awa 24. Bakwainin da bai kai mako 32 ba za a sa shi cikin ledar jarirai daga wuya zuwa ƙafa ba tare da an goge shi ba, tunda fatarsa ta fi saurin zubar da ruwa. Sannan duk jaririn da aka ciro ba naƙuda, ko wanda uwarsa ke shan irin wannan magani, za a auna zafinsa kafin ya bar ɗakin tiyata, a rubuta a takardarsa kusa da nauyi.

An sallame su a kwana na tara. Yarinyar tana kama nono da kanta, ta fara mayar da nauyin da ta rasa, zafinta bai sake sauka ƙasa da 36.5 ba a kwanaki huɗun ƙarshe duk da ba fitila. Nas ta nuna wa uwar yadda za ta taɓa tafin ƙafar yarinyar da bayan hannunta ta kwatanta da cikinta: in ciki da ɗumi ƙafa da sanyi, a mayar da ita ƙirji a ba ta nono, in duka biyun sun yi sanyi ko ta ƙi tsotso, a dawo da ita ba jira. Muka rubuta musu ranar dawowa don maimaita gwajin tayirod.